Kada ɗinki ya ratsa tsakiyar tabur

Ka ce Hajiya tana da baƙi shida ranar Asabar da dare, ta kawo turmin atamfa guda a yi mata shimfiɗar tabur da ƙyallayen goge hannu, kai kuma ka auna ka ga faɗin atamfar bai isa ba. Shi ne kake tambaya ko ka haɗa falle biyu a tsakiya kawai. A'a, ɗana. Aje almakashin nan tukuna.

Fara da wanki. Auduga tana tsukewa a wankin farko, in ka yanka ta yadda ta fito daga Kasuwar Dole, ranar da aka wanke sai awonka ya tashi a banza. Ka jiƙa gefe guda ka murza da farin ƙyalle ka ga ko tana zuba, don atamfa mai zuba za ta ɓata wa baƙo farar shaddarsa, kuma sunan shagonmu za a kira. In ta bushe ka goge ta, ka yanke bakin nan mai rubutu. Saƙarsa ta fi ta jikin zanen tauri, in ka bar shi sai ya riƙa tattare ɗinkin.

Tabur ɗin ka ce tsawonsa santimita 180, faɗinsa 90. Ka bar 25 ya sauko ta kowane gefe. In ya wuce 30 sai ya kwanta a cinyar mai zaune, babbar riga ta jawo shi, miya ta bi. Ka ga ya zama 230 da 140. Ƙara 4 a kowane gefe na kalmasa, wato za ka yanka 238 da 148. Atamfa kuwa faɗinta bai wuce 115 zuwa 120 ba, ka kuma rage baki.

To, ga inda aikin yake. Ka yanko falle biyu daga turmin, kowanne tsawon 238. Falle guda ka bar shi cikakke a tsakiya. Daga falle na biyu ka tsago dogaye biyu, kowanne faɗin kamar 20, ka ɗinka ɗaya dama ɗaya hagu. Duba da kyau: rabin tabur 45 ne, rabin fallen tsakiya ya haura 55, saboda haka ɗinkin ba zai hau saman tabur ba sam, can ƙasa da gefe zai faɗa inda ido ba ya zuwa. Amma ɗinkin tsakiya, nan ake dire kular shinkafa da kofuna, kofi ya hau tudun ɗinki ya karkace, kuma duk wanda ya zauna shi zai fara gani, kamar tabo a goshi. Ni ban yarda aiki irin wannan ya fita daga hannuna ba. Kafin ka tsaga, shimfiɗa fallayen biyu gefe da gefe, ka matsa har furen ya haɗu da ɗan'uwansa, ka kafa fil, sannan ka ja alli. Bakin haɗin kuma ka kalmashe shi ciki ka bi da ɗinki na biyu, kada zare ya riƙa fita bayan wanki.

Kalmasa ninki biyu, santimita 2 sannan 2, kuma da dutsen guga za ka karya ta kafin ta je keke. In a tsakar gida za a ci, kalmasa mai faɗi ita ke ba shimfiɗa nauyi, iska ba ta ɗaga ta da sauƙi. Kusurwa ce ke nuna hannun tela. Kada ka ɗora ninki kan ninki ya yi dunƙule har allura ta karye. Buɗe abin da ka goge, za ka ga layukan guga sun gicciye. Datse ƙarshen kusurwar a karkace, lanƙwasa ta ciki, sannan ka mayar da gefunan biyu su haɗu baki da baki. Gwada a ƙyallen banza tukuna, ka kawo in gani.

Ƙyallayen hannu ba wuya. Ka yanka 49 da 49, kalmasa 1 da 1, su fito 45. Ragowar falle na biyu zai ba ka huɗu. Turmi yadi shida ne, kusan mita biyar da rabi, don haka guntun da ya saura zai ba da biyu in daidaita fure bai cinye shi ba. In ya cinye, gaya wa Hajiya tun yau a sayo rabin mita na yadin auduga marar fure mai launin da ke cikin atamfar. Banda mai roba, ba ya shan ruwa. Kuma kada ka sa musu sitaci, hannu da baki za a goge.

In ka gama, goge shimfiɗar ka naɗe ta a jikin kwalin nan na yadi maimakon ninkewa, ka rufe da leda saboda ƙura, ka kai ran Juma'a da hantsi ka shimfiɗa a tabur ɗin da kanka ka duba saukarta ta gefe huɗu.