Amsa kan Carignano: bauri ne, ba lalacewa ta yi ba

Ƙanena, ka ce ka fara aikin kai abinci teburi a otal, an ba ka jar giyar inabi mai suna Carignano del Sulcis ka ɗanɗana, bakinka ya bushe har ka zaci ta lalace, kuma ba ka san abincin da za ka haɗa wa baƙo da ita ba. Na san 'yan'uwa da yawa a nan ba sa sha, ina kuma girmama hakan. Amsar sana'a zan ba ka, don shekara tara na yi ina wannan aiki a Kaliyari, babban birnin tsibirin Sardiniya na Italiya.

Kwalbarka lafiyarta ƙalau. Abin da ka ji bauri ne, irin na goro ko shayin da aka bari ya daɗe a buta. Sinadarin da ke kawo shi ana ce masa tanin, daga ɓawon inabi da ƙwayarsa yake fitowa, kuma danginsa ne ke cikin bagaruwar da majema ke jiƙa fata da ita. Yadda yake kama fata, haka yake kama yawun bakinka, sai harshe ya yi kaushi. In ka gane wannan, sauran duk mai sauƙi ne: ka ba shi nama da kitse ya kama, sai ya saki harshen mai sha.

Inabin a kudu maso yammacin tsibirin ake noma shi, har da ƙaramin tsibirin Sant'Antioco. Can na ga tsofaffin itatuwan inabi gajeru tsaye cikin yashi dab da teku. Ƙwaron saiwa da ya cinye gonakin inabin Turai a ƙarshen ƙarni na 19 ba ya iya zama cikin yashi, shi ya sa yawancinsu har yau a kan saiwarsu ta asali suke. 'Ya'yan ba su da yawa, amma ruwansu kauri gare shi.

Mutanen Sardiniya makiyaya ne, tumaki sun fi mutane yawa a tsibirin, abincinsu kuwa kamar don wannan giya aka yi shi. Gasasshen ɗan rago ko ɗan akuya, ɗan aladen da suke gasawa a hankali a bakin garwashi, taliyar malloreddus da miyar tumatir da nama, sai cukun tumaki da ya tsufa ya yi gishiri. A ganina cukun nan ya fi komai dacewa da ita. Guntu ɗaya a baki, kurɓi ɗaya, baurin ya kwanta, ɗanɗanon 'ya'yan itacen ya fito.

A watannina na farko na ba wata baƙuwa ita da gasasshen farin kifi. Ta ce bakinta kamar ta tsotsi ƙarfe, kuma gaskiyarta ne. Har yau abin yana damuna, don na ɓata mata abincin da ta biya. Kada ka kai ta kan kifi mara kitse ko ganye zalla.

In baƙo ya nemi namu na gida, balangun rago mai ɗan kitse ya dace sosai, amma ka ce a sa yajin a gefe. Barkono da giya mai ƙarfi irin wannan, wadda sinadarin sa maye a cikinta kan kai kashi 14 cikin 100, ƙara wa juna zafi suke yi. Farfesu da kilishi mai yaji kuwa ban ba ka shawara ba.

Saura zafin garinmu. Digiri 16 zuwa 18 take so, ɗakunanmu kuwa sun wuce haka nesa. Ka sa ta a firji kamar minti ashirin, ka buɗe ta awa ɗaya kafin a zuba. In baƙon na sauri, juye ta cikin faffaɗan tulun gilashi ta sha iska kafin naman ya iso.