Amsar tambayarka kan kwanon zaure

Ɗana, saƙonka ya iso, ina fatan kana lafiya, ya karatu? Ka tambaye ni me ya sa mutanenmu ba sa barin makaho ko kuturu ya bar ƙofar gida hannu sake, amma ba a cin tuwo kwano ɗaya da kuturu, ba a kuma ba shi aure. Ka ce tausayi ne wannan ko ƙyama? Kwana biyu ina juya maganar, don ta taɓa ni inda ba ka zato.

Muna yara a gidanmu na wajen Ƙofar Sauri a Katsina, akwai wata tsohuwa kuturwa da ke zuwa duk Juma'a. Kakarka, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa mantawa da ita ba. Tun da safe take ware mata dunƙulen fura da gumba. Sai dai tana da kwanonta daban, wani tsohon kwanon sha mai lamba a gefe, ana kife shi bayan ƙyauren zaure. Ni ake aike. An koya mini in zuba daga sama, kada ludayi ya taɓa kwanon. Ita kuwa sai ta tallabe shi da dungulmin hannuwanta biyu, ta yi ta sa mini albarka har in shige gida. Shekaru ina kai mata fura, ban taɓa tambayar sunanta ba. Wannan ne yake ci mini rai har yau.

Kada ka ɗauka al'adar ba ta da alheri. Ta tanadar wa marasa ƙarfi rabo. Manomi in ya yi girbi yakan fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, sannan a bar gwauraye da marayu su shiga gona su yi kala. Wanda ciwo ya kwantar da damina, samari kan yi masa gayya su nome gonarsa. Da magariba yara na ta kai ciyayya gida-gida, kuma uwar gida mai hankali ta san gidan da za ta cika wa akushi ba tare da jiran a maido da komai ba. Makafi da guragu da kutare kowa da sarkinsu a garuruwan Hausa, mai raba musu gardama da kai kukansu fada. Makafi da yawa ma ba bara suke ba, igiya suke tufkawa su sayar.

Inda muka gaza shi ne mun ciyar da su, amma mun tsayar da su a bakin ƙofa. Ana cewa kuturta gado ce, ko kuma sakayyar rantsuwar ƙarya da Alƙur'ani. Duk ba haka ba ne. Ƙwayar cuta ce, ba ta saurin kama mutum, ana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12, kuma da an fara shan sa mai ita ya daina yaɗa ta. Sannan mu da bakinmu muke cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Ka ga ashe ba tsoron cuta kaɗai ba ne, har da raina talaka. Addini kuwa bai koya mana haka ba. Makaho ne Abdullahi ɗan Ummu Maktum, a kansa aka saukar da Abasa, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barin sa ya ja ragamar Madina in zai yi tafiya.

Ka san Babbar Ruga a hanyar Batsari. Tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944, ake jinyar kutare a can. Daga 1984 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya fara yi wa mata masu yoyon fitsari aiki a wurin. Na ga yarinyar maƙwabtanmu da doguwar naƙuda ta jawo wa wannan lalura. Miji ya sake ta, aka ware mata ɗakin baya saboda zarni, ana tura mata abinci. Aka kai ta Babbar Ruga, aka yi mata ɗinki, ta dawo garau. Shekara uku ta yi a ɗakin nan, alhali magani na nan kusa da gari.

A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman. Na yi murna, amma doka ba ta shiga zaure ta ce wa mai gida ya miƙa hannu a gaisa.

In ka zo hutun Sallah, akwai wani dattijo makaho mai tufka da nake zuwa wurinsa bayan Juma'a. Za mu tafi tare da tuwonmu mu ci a tabarmarsa, ka yi masa wannan tambayar da kanka. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.