Tambaya da Amsa: Jan Fatsar Kifin Salmon a Babban Tafki

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan abu ɗaya suka tsaya: kamun salmon ta hanyar jan fatsa a bayan jirgi yana tafiya a hankali. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Assalamu alaikum. Malam, a sanina salmon kifin teku ne. Yaya aka yi ake kama shi a tafkin ruwan daɗi?

Wa alaikumus salam. A ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi tun asali, don haka idan ya sami tafki mai faɗi, mai zurfi, mai sanyi da wadatar abinci, sai ya ɗauke shi a matsayin teku. A Tafkin Michigan na Amurka mutane ne suka zuba shi: nau'in koho a 1966, cinuk a 1967, domin su rage wani ƙaramin kifi mai suna elwaif da ya yi yawa har gawarwakinsa ke taruwa a gaɓa suna wari. Cinuk shi ne babban. A 2021 an kama wanda ya haura kilo 21 a wannan tafki. Haka ake kama su a Tafkin Ontario da ke tsakanin Amurka da Kanada. Na Tafkin Vänern na Suwidin kuwa ɗan asalin wurin ne, dangin salmon na Atlantika, wanda hanyar teku ta rufe masa tun zamanin da.

Muna fita da asuba, na'urar hango kifi na nuna su birjik, mu canza cokali (ƙarfe mai siffar cokali da ƙugiya a jikinsa, na yaudarar kifi) mu canza launi, amma ko taɓawa ba sa yi. Ina matsalar take?

Ɗan'uwa, ka bar akwatin cokulan nan tukuna. Galibin ranakun da masunci ya dawo hannu biyu, ba launi ne ya hana shi ba, fatsarsa ce ba ta je inda kifin ke ci ba.

Salmon kifin sanyi ne. Cinuk ya fi sakewa a ruwan da zafinsa ke tsakanin digiri 7 zuwa 12 a ma'aunin salshiyos, koho kuma yana jure wanda ya ɗan fi haka ɗumi. A watannin zafi ruwan babban tafki yakan rabu hawa uku. Na sama ya ɗumama, yana iya haura digiri 20. Na ƙasa yana nan wajen digiri 4. A tsakaninsu akwai wani hawa da zafi ke faɗuwa da sauri cikin 'yan mitoci kaɗan, kuma a nan ne ko ɗan ƙasa da nan cinuk ke zama, yana ɗaga kai yana duban ƙananan kifi. Wata rana wannan iyaka tana mita 12, wata rana tana mita 30, domin iska ce ke juya ta. Iskar da ke kaɗawa daga gaɓa zuwa cikin tafki takan kore ruwan ɗumi, na sanyi ya taso kusa da gaɓa. Wadda ke kaɗowa zuwa gaɓa takan tara ruwan ɗumi a wurin, ta danne na sanyi can ƙasa. Shi ya sa a Tafkin Michigan, idan iskar yamma ta yi kwana biyu ko uku tana busawa, masuntan ɓangaren jihar Wisconsin, wato gaɓar yamma, sukan sami kifi a sama-sama kusa da gaɓa, na ɓangaren gabas kuwa sai sun shiga ciki sosai sun zurfafa.

Saboda haka aikin farko shi ne auna zafi. Ka saukar da ma'auni, ka karanta shi a kowace mita 3 har ka ga inda ya sauko digiri 12. Fatsa ɗaya ta tsaya a nan, ta biyu mita 3 ƙasa da ita, ta uku ƙasa kuma. Ka fifita sa ta sama da kifin da na'ura ta nuna da mita 1 ko 2, domin salmon daga ƙasa yake kai hari. Abin da ya wuce ta ƙarƙashinsa sau da yawa bai ma gan shi ba. Sannan ba kowane zane a na'ura ne salmon mai yunwa ba. Ka fi mai da hankali ga dunƙulen ƙananan kifi da manyan zane ke kewaye da shi.

Da sassafe kafin rana ta fito, da kuma bayan faɗuwarta, yakan keta doka ya hau ruwan ɗumi ya yi farauta. Da hantsi ya yi, zai koma sanyinsa, kai ma sai ka bi shi.

Na sayi dawunriga. Ku taimaka mini da yadda ake ɗaura ta. Kuma me ya sa lambarta ke nuna mita 30 amma na'ura na nuna ƙwallon a sama da haka?

Dawunriga kwarkwaro ce mai wayar ƙarfe da hannu da ke leƙawa gefen jirgi. A ƙarshen wayar akwai ƙwallon dalma mai nauyin kilo 4 da rabi zuwa 7, a jikinsa kuma akwai kilif da ke riƙe zaren sandarka har kifi ya fizge shi.

Sai jirgi ya kama tafiya kafin ka saki komai, in ba haka ba zare zai naɗe farfela. Ka saki cokali a baya kamar mita 6 zuwa 15. Idan kana kamu a sama-sama cikin ruwa mai garau, ƙara har mita 30, domin ƙarar inji na korar kifi. Idan can ƙasa ne, gajere ya fi. Ka maƙala zaren a kilif, ka sassauta birkin kwarkwaron sanda ta yadda zare zai fita da ɗan nauyi, sannan ka saukar da ƙwallon a hankali, babban yatsanka a kan zaren. In ka sake shi ya faɗi da gudu, cokalin zai tashi sama ya naɗe waya, ka yi awa guda kana jan abin da ba ya aiki. Da ƙwallo ya kai inda kake so, sa sanda a mariƙinta, ka naɗe rarar zare har sandar ta lanƙwashe sosai. Wannan lanƙwasar ce ke kwashe rarar zare a lokacin da kifi ya fizge, sandar ta miƙe ta taimaka wajen kafa ƙugiya.

Ƙarfin kilif abin lura ne. In ya yi sako-sako, zai riƙa saki da kansa, ko ya saki kafin ƙugiya ta shiga. In ya matse da yawa, ƙaramin kifi zai kamu ka yi ta jan sa ba ka sani ba har ya mutu. Ka gwada da hannu kafin saukarwa, kuma duk minti 20 zuwa 30 ka ɗago ka duba.

Batun lamba kuwa, tsawon wayar da ta fita take ƙirgawa, ba zurfi ba. Ruwa na tura waya da ƙwallo baya, sai su karkace. Idan waya ta karkace da digiri 30, mita 30 ta zama kusan 26. Idan ta kai digiri 45, kusan 21 ke nan. Kana tsammanin kana cikin sanyi, alhali fatsarka tana ruwan ɗumi. Maganinsa ƙwallo mai nauyi, ko rage gudu, ko ƙara waya kana lissafi. Ka kuma saita birkin dawunrigar ta yadda zai saki waya idan ƙwallo ya maƙale a ƙasa, domin wanda aka ƙulle tam yana iya tumɓuke na'urar daga jikin jirgi.

Wane gudu ya dace?

Fara daga kilomita 3 da rabi zuwa 4 da rabi a awa. Amma gudun da GPS ke nunawa na jirgi ne, ba na cokali ba. A ƙarƙashin babban tafki ruwa na gudana, wani lokaci saɓanin inda iska ta nufa. Idan kana tafiya da kilomita 4 kana fuskantar ruwan da ke zuwa da kilomita 1, cokalinka yana jin 5, sai ya riƙa juyawa gaba ɗaya yana murɗe zare. Da ka juyo, yana jin 3, sai ya yi laushi ya daina rawa. Wannan ne dalilin da kifi ke ci idan an nufi arewa, ya ƙi idan an juyo kudu, a wuri ɗaya da fatsa ɗaya.

Akwai ma'aunin da ake ɗaurawa kusa da ƙwallo, irin Fish Hawk, mai aiko da gudu da zafin ruwa daga ƙasa. A ganinmu ya fi cokula ɗari amfani. In babu shi, ka dubi karkatar wayar dawunriga a lokacin da kifi ya ci, ka riƙe wannan karkatar ko ta ina ka nufa. Kada ka tafi ɗoɗar. Ka riƙa ɗan lanƙwasa dama da hagu. A kan kwana, fatsar waje tana ƙara gudu ta tashi, ta ciki tana rage gudu ta nutse. Wadda kifi ya ci a cikinsu ta gaya maka ko ƙari yake so ko ragi.

Malam, ba ni da dawunriga sai ɗaya, kuma duk sanda na ƙara sanduna sai zaruruwa su harɗe.

Akwai hanyoyi biyu na zurfafa fatsa ba tare da ita ba. Ta farko faifan nutso ne irin Dipsy Diver. A ƙasansa akwai dalma da ake juyawa daga lamba 0 zuwa 3, dama ko hagu. A 0 yana nutsewa kai tsaye a bayan jirgi. A 3 yana fita gefe sosai amma zurfinsa na raguwa. A kimance, da siririn zaren saƙa ko waya, mita 2 na zare na ba da zurfin mita 1 a ƙananan lambobi, mita 3 kuma a lamba 3. Sa robar rage fizga a bayansa, sannan zaren da bai wuce tsawon sandarka ba, kamar mita 2 zuwa 3, in ba haka ba faifan zai kai bakin sanda kifi bai iso koma ba.

Ta biyu zare ne mai dalma a cikinsa, wanda launinsa ke canzawa kowace mita 9. Kowane launi na nutsar da fatsa kusan mita 1 da rabi, don haka launi 10 na kaiwa mita 12 zuwa 15. Wayar tagulla ta fi shi nutso, mita 30 na ba da kusan 6. Waɗannan ana maƙala su a allon gefe, wanda ke jan su nesa da jirgi.

Harɗewa kuwa daga tsari take. Mafi zurfi da gajarta ya zauna kusa da jirgi, wato dawunriga. Faifai ya biyo a gefe. Mafi tsawo da rashin zurfi ya kasance can waje a kan allo, domin idan kifi ya kama shi zai zame baya ya wuce ta saman sauran. Kwana kuma a yi ta da faɗi. Kafin ka ƙara sanda ka duba dokar wurin: a jihar Michigan sanda uku aka yarda wa kowane mutum. A Vänern kuwa, salmon da ɗan ƙaramin fiffikensa na kusa da wutsiya ke nan ba a yanke ba na daji ne, dole a mayar da shi ruwa.

Cokali ko filasha?

Sa duka biyun ka ga wanda ya fara ci. Filasha faranti ne mai tsawon santimita 20 ko 28 da ke kewayawa yana walƙiya, a bayansa ana ɗaura ƙudan ƙarya mai gashin leda. Ƙudan ba shi da rawar kansa, filashar ce ke kaɗa shi, don haka zaren tsakaninsu ya zama mai kauri da tauri, mai lamba 40 ko 50 (wato nauyin fam nawa zaren ke jurewa kafin ya tsinke), tsawonsa santimita 50 zuwa 60 ga ƙaramar filasha. Gajarta shi in kana son fizga mai zafi, tsawaita shi in kifi ya yi nawa. Game da launi abu kaɗan ya ishe ka: ja ne ke fara ɓacewa a zurfi, kore da shuɗi su ke daɗewa, mai haske cikin duhu kuma na asuba ne da ƙasa sosai. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba manyan cinuk sukan taru a bakin koguna, jikinsu ya yi duhu, su daina ci. A lokacin fushi ke sa su cizo, sai a sa musu abin da ke rawa da ƙarfi.

Sau da yawa kifi na ci, ya ja, zare ya tsinke ko ya kuɓuce a bakin jirgi.

Babban cinuk na iya kwashe zare mita 100 a gudunsa na farko, kuma babu mai tsayar da shi. Kwarkwaro ya ɗauki aƙalla mita 300 na zare mai lamba 20 zuwa 30. Birki ya zama mai sakin zare sumul. Kada ka matse shi kifi na gudu, kada ka danne zare da yatsa. Yayin da zare ke raguwa a kwarkwaro, birkin na ƙara ƙarfi da kansa. Jirgi ya rage gudu amma kada ya tsaya, domin tsayawa na sa sauran fatsu su nutse su harɗe. Idan kifin ya juyo ya nufo ka, naɗe da sauri, rarar zare ce ke zare ƙugiya.

A bakin jirgi, mai sanda ya ja da baya ya jawo kifin, mai koma ya jira har kansa ya fito ya kwanta a gefe, sannan ya ɗebe shi ta kai a motsi ɗaya. Wanda aka bi ta wutsiya sabon gudu zai yi. Ka riƙe ragar komar da hannu har lokacin ɗiba, kada ta yi yawo a ruwa ƙugiya ta kama ta. Bayan kowane babban kifi, shafa mita ta ƙarshe ta zare da yatsu. In ka ji kaushi, yanke ka sake ƙulli. Mai koma kuma, tunda yana leƙawa ruwa mai sanyi, rigar ceto ta kasance a jikinsa a ɗaure.

Wani abu kamar jiƙaƙƙiyar auduga na taruwa a zarena har ya ƙi wucewa ta zoben sanda. Mene ne?

Ƙuman ruwa ne, ƙananan halittu masu doguwar wutsiya mai ƙaya da suka shigo manyan tafkunan Amurka cikin ruwan da jiragen dakon kaya ke zubarwa. A tsakiyar watannin zafi suke yawa, kuma siririn zare suka fi kamawa, musamman na saƙa. Ka koma amfani da zaren roba mai lamba 30, ka riƙa ɗago fatsu akai-akai kafin su dunƙule. In sun taru, buga zaren a kan ruwa yana a miƙe, yawancinsu za su zube. Kafin ka kai kayanka wani tafki, ka wanke su ka bar su su bushe sarai, domin ƙwansu na maƙalewa a zare da koma ya bi ka can.