Tukunyar sanyi ta karɓu, in sayar da rumfata?

Wani ɗan'uwa mai sayar da kayan gwari a garin Kasala na ƙasar Sudan ya aiko da tambaya. Ya haɗa tukunyar sanyaya kaya, irin tukunya cikin tukunya, ya ƙera mata mazauni na ƙarfe don iska ta riƙa ratsa ƙarƙashinta. Maƙwabtan rumfa sun fara cewa ya yi musu, wata ƙungiyar agaji ta nemi ya koya wa mata, kuma yana son rubuta ɗan littafi. Shin ya sayar da rumfar ya zuba jarin a nan?

Malam, Allah ya ƙara basira. Amma kada ka sayar. Wannan sakin na hannu ne, kamun na guje.

Ka dubi mutumin da ya fito da wannan dabara duniya ta san ta, marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa. Gidan maginan tukwane ya tashi, ya zama malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, yana kuma yi wa hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya aikin ba da shawara. Tukwane 5,000 na farko daga aljihunsa ya biya magina, ya raba kyauta. Da ya ga mutanen ƙauye ba su gane ba, sai ya shirya wasan kwaikwayo a bidiyo ana haska musu. Kyautar karramawa ta kamfanin agogon Rolex, ta dala 75,000, sai a shekarar 2000 ta zo, bayan shekaru yana ɗawainiya. Wanda ya ji tarihinsa zai ce sana'o'i barkatai ya yi, ga koyarwa, ga ƙirƙira, ga ba da shawara. Ni abin da nake gani, albashin koyarwa ne ya ɗauki nauyin sauran har suka tsaya da ƙafarsu. Rumfarka ita ce albashinka.

Ita ce kuma tallarka. Mai saye ya zo da azahar, rana ta take, ya ga tumatirin wasu ya yi laushi yana tsiyaya, kai kuma ka yaye jiƙaƙƙen buhu ka ɗauko naka da sanyinsa. Ba littafin da zai yi maka wannan aikin. A gwajin Bah Abba, gautar da kan lalace a kwana 3 ta kai kwana 27. Don haka ribarka ta farko tana cikin kwandon da kake zubarwa. Ka riƙa rubuta kuɗin kayan da ya ruɓe kowane mako, ka kwatanta da na da.

Batun yi wa mutane, kada ka gina ko ɗaya sai an ba da kafin alƙalami, aƙalla abin da zai biya magini da maƙeri. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 fam ɗin Sudan ke zubewa, farashin da ka yanka yau ba lalle ya sayi ƙarfe bayan mako biyu ba. A turo ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ka sayi kayan aiki a ranar. Ka sa kuɗin fashewa a lissafi, domin tukwane a bayan karo, wato amalanken jaki, ba sa isa duka lafiya. Kuɗin tukunya kuma littafinsa daban da na rumfa, ko da a aljihu ɗaya suke kwana.

Akwai abin da nake so ka riƙa faɗa wa masu saye tun kafin su biya. Sanyin yana samuwa ne idan ruwan da ke cikin yashin tsakanin tukwanen yana tsanewa ta jikin ta waje, yana tafiya da zafi. Sai an jiƙa yashin safe da yamma, an ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. A busasshiyar iskar Kasala tana aiki sosai, da damina ƙarfinta na raguwa, a Bur Sudan kuwa, inda iskar teku ke da laima, mai saye zai dawo da ƙorafi. Gara ka rasa ciniki ɗaya da a ce ka yi zamba.

Kada ka kashe kuɗi wajen neman rajistar mallakar ƙirƙira. Dabarar tsohuwa ce, kuma mata magina a Fashir da ke Darfur sun daɗe da fara yin ta. Mazaunin ma, duk maƙerin da ya gani zai kwaikwaya.

Aikin ƙungiya ka karɓa, amma a rubuce: kwana nawa, nawa za a biya, wa zai ɗauki kuɗin mota da kayan gwaji, kuma rabin kuɗin a hannu kafin a fara. Irin wannan aiki yakan tsaya ranar da kuɗin shirin ya ƙare, kada ka ɗora cefanen gida a kansa. Littafi kuwa ya jira. Takarda ɗaya mai hotuna, da Larabci da ajami, a ba duk wanda ya saya, ta isa yanzu.

Idan damina ta wuce, ribar tukunya ta kamo ta rumfa wata uku a jere, ka zaunar da ƙaninka ko wani amintaccen yaro a rumfar, ka aiko min da lissafin littattafan biyu mu sake dubawa.