Kada ka ci bashi a kan ganyen ayaba

Wani mai lambu daga Jiratawa, kusa da Maraɗi, ya aiko da tambaya: "Ɗan wana ya kawo mini dashen ayaba 200 daga kudu, ya ce irin da ba ya jin sanyi ne. Hunturun bara ganyen ya tsaya shar, amma ayabar ta fito da ɓawo dusu-dusu, ta ƙi nuna da kyau, a kasuwar Maraɗi aka taya ta da arha. Ina son cin bashin jika 800 in ƙara fili."

Malam, ajiye maganar bashin nan tukuna. Ka ɗauki maganar ɗan wanka ba bincike, ko sunan irin ba ka tambaye shi ba. Shi ganye ya gani, kai kuwa ɗiyan za ka sayar, kuma juriyarsu ba ɗaya ba ce. Ganye yakan rage girma idan dare ya yi sanyi, rana ta ɗaga ya farfaɗo. Ɗiyan ayaba kuwa, da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 13 ya daɗe, ɓawon ya ɓaci ke nan, ba ya dawowa. Asubahin Disamba da Janairu a bakin Gulbin Maraɗi kan kai nan.

Iri ma ya bambanta. Gajeriyar Kabendish ta fi dogayen ɗan jure sanyi, wasu irin na dafawa sun fi ta tauri. Akwai wadda ake shukawa a Japan, saiwarta ko ƙanƙara ba ta kashe ta, amma ɗiyanta ba a ci. To "ba ya jin sanyi" wanne ke nan?

Na san wani ɗan kasuwa da ya zuba lodin ayaba a ɗakin sanyin kifi don kada ta nuna da wuri. Ta fito toka-toka, ko uwar kuɗi bai mayar ba.

Masu cewa ayaba kuɗi ce a tsaye ba su taɓa biyan man injin ban-ruwa a watan Afrilu ba. Bana ka tsaya a kan 200 ɗinka. Sayi littafi, ka rubuta ranar da kowane gindi ya fitar da nono, ranar sara, da farashin da aka saya. Nonon da hunturu zai riska ka rufe shi da leda mai huji, ka yi shinge ta gabas. Ka daidaita dashe don nono ya ƙosa kafin Disamba. Idan littafin ya nuna riba bayan ka cire mai, taki da leburori, sai ka dawo mu yi maganar bashi.