Maƙwabci Ya Ci Mini Iyaka

Tambaya: Maƙwabcina ya ja katanga ya ci mini taku uku, yau shekara tara. Wai wurin ya zama nasa. Haka ne?

Amsa: Malam, daɗewa kaɗai ba ta mallaka masa. Sai ya nuna ya riƙe wurin a bainar jama'a, shi kaɗai, ba yankewa, ba da izininka ba, har wa'adin doka ya cika. Misali, a Ingila shekara 12 ne ga filin da ba shi da rajista. In aro ka ba shi, da'awarsa ta faɗi. Kada ka rushe katangar da kanka. Kawo safiyo ya auna bisa takardunka, ka shigar da ƙara da wuri, don wasiƙar gargaɗi yawanci ba ta tsayar da ƙirgen shekarun.