Sifikar da za ta faɗa maka gaskiya kafin kwastoma ya faɗa maka

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata haɗa tallace-tallace na murya da gajerun bidiyo ga masu ƙananan sana'o'i, a kan kwamfutar tebur nake aikin. Sifikun da nake amfani da su 'yan mitsi-mitsi ne, irin waɗanda ake sokawa a USB, tare da kwamfutar na same su. Sau biyu ke nan kwastoma na dawo mini da aiki, wai idan ya kunna a mota kiɗa na danne murya, ni kuwa a wurina lafiya lau nake jin sa. Na ɗan tara kuɗi. Wani mai kayan sauti ya nuna mini saiti mai ƙatuwar wufa, wato sifikar da ke fitar da kaurin sauti, an rubuta wat 1000 a kwalinsa, amma zai cinye kusan duk abin da na tara. In saya, ko in haƙura da nawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa sana'a albarka. Kada ka sayi wannan saitin, kada kuma ka ci gaba da dogara da naka. Dukansu biyun ba za su faɗa maka gaskiyar aikinka ba, kowanne dai da irin tasa ƙaryar.

Kwastomanka bai yi maka sharri ba. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kusan hartz 20 zuwa 20,000, hartz kuwa shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti. Can ƙasa akwai kaurin ganga da dundum ɗin kiɗa, a tsakiya muryar mutum take, a sama kuma siririn sauti. 'Yar sifika mai faɗin inci biyu ba ta iya tura iskar da za ta fitar da na ƙasan nan. Yana cikin aikinka, kai ne ba ka jin sa. Sai ka ɗaga kiɗa har ya yi maka daidai a kunne, ka miƙa aiki. Mota kuwa tana da sifiku manya a jikin ƙofofi, ga ta a rufe, sai duk kaurin da ya ɓuya maka ya fito ya hau kan murya. Ba hannunka ne ya gaza ba. Ka yi awo ne da ma'aunin da ba ya nuna rabin kayan.

Saitin wufar kuma zai juya maka matsalar ne kawai. An ƙera irinsa don kallon fim da wasan kwamfuta, domin ɗaki ya girgiza mai kallo ya ji daɗi. Yana kumbura kaurin sauti fiye da yadda yake. Za ka ji ya yi yawa, ka rage, aikin ya isa wurin kwastoma a rame. Akwai kuma wani aibin da ya fi damuna da masu arha daga cikinsu: 'yan sifikun da ake ɗorawa a kan tebur ƙanana ne ƙwarai, wufar tana can ƙasa, sai a sami giɓi tsakaninsu daidai inda kaurin muryar namiji yake. Kai kuwa murya kake sayarwa. Mai talla ba don kiɗa ya biya ka ba, so yake a ji sunan kayansa da inda za a same su.

Batun wat 1000, a nan aka fi yi wa masu saye sakiyar da ba ruwa. Ka duba kwalin da kyau, mai yiwuwa za ka ga haruffa huɗu kusa da lambar: PMPO. Wannan lamba ba ta da wata ƙa'idar awo da aka yi ittifaƙi a kanta, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Wadda ake iya kafa hujja da ita ita ce RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore. Rigimar ta daɗe, tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, saboda irin wannan zuƙi-ta-malle. Ga hanyar da za ka gwada da kanka: juya bayan wufar, ka karanta wutar da take ja daga soket. Na'urar da ke jan wat 60 ba za ta ba ka 1000 a ɗore ba, ba a fitar da abin da bai shiga ba. Haka naka na yanzu: ramin USB 2.0 volt 5 yake bayarwa da rabin amfiya, wato wat biyu da rabi, na USB 3.0 kuma huɗu da rabi. Duk abin da aka rubuta a jikinsu, iyakarsu ke nan.

Kuma ko lambar gaskiya ce, ba ka buƙatar ta. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), sai an ninka kusan sau goma kunne ke jin ƙara ta ninku. Mutumin da ke zaune taku ɗaya daga sifika, wat 20 zuwa 50 na RMS ya ishe shi har ya yi saura. Kunnenka ma jari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako shi ne iyakar da babba zai saurara ba tare da ya cutu ba, kai kuwa yini kake a gaban sauti.

Abin da ya dace da kai sifiku biyu ne, dama da hagu, ba wufa, masu amfilifaya a cikinsu, irin waɗanda ake kira monita ta situdiyo. Kowace tana da babban baki na inci uku da rabi zuwa biyar da ƙarami a sama mai fitar da siririn sauti. An yi su ne don su fitar da abin da ke cikin aiki yadda yake, ba ƙari ba ragi. A na masu farawa akwai PreSonus Eris mai inci uku da rabi, akwai Edifier R1280T mai inci huɗu da wat 42 na RMS, ko da yake ita ta fi karkata ga sauraron nishaɗi. Sama da su akwai JBL 305P da Yamaha HS5, masu inci biyar. Waɗannan biyun ka yi hattara wajen ciniki, sau da yawa ɗai-ɗai ake sayar da su, kuɗin da aka faɗa maka na guda ne, kuma kowace da wayar wutarta. Ban ce lallai sai ɗaya daga cikinsu ba, na ambace su ne don ka san irin abin da za ka tambaya.

Kada ka yi mamaki idan ranar farko ka ji ba su burge ka ba. A 1978 Yamaha ta fitar da wata sifika mai farin baki, NS-10, don amfanin gida. Ba ta yi farin jini a gidaje ba, amma masu haɗa sauti suka rungume ta, ta cika situdiyoyin duniya har aka daina ƙera ta a 2001. Dalilinsu shi ne ba ta rufa wa aiki asiri, musamman a tsakiyar sauti. Idan murya ta nutse, nan take za ka ji. Irin wannan abokin aikin kake nema.

Yanzu lissafi, wanda shi ne ainihin abin da ya kawo ka. Ɗauki littafinka ka duba aiki biyun da aka dawo da su. Awa nawa ka ɓata wajen gyara? Da aiki nawa za ka yi a wannan lokacin? Wannan asarar da ake gani ke nan. Wadda ba a gani ta fi ta ciwo: kwastoman da ya ji aikin bai yi ba, bai dawo ya yi ƙorafi ba, ya koma wurin wani. Wanda ya dawo da aiki ma masoyinka ne. Sai ka raba kuɗin sifikar da ribar da kake samu a aiki ɗaya, ka ga aiki nawa ne zai mayar maka da kuɗinka. Idan cikin wata uku zuwa shida za ta biya kanta, saye ne mai kyau. Idan sai ta shekara biyu, ta fi ƙarfin sana'arka a yanzu, sauko ƙasa. A ra'ayina kada abin da za ka kashe ya wuce rabin abin da ka tara. Kwamfuta na iya lalacewa gobe, ma'ajiyar bayanai na iya mutuwa da aikin mutane a ciki, kuma ranar da hakan ta faru sifika ba za ta cece ka ba. Kada ka ci bashi a kanta, kada ka karɓi biya kaɗan-kaɗan mai ƙari a sama. Kayan aikin da kake iya ci gaba da sana'a ko babu shi na ɗan lokaci, ba a ɗaura wa kai bashi dominsa.

Ka sa kuɗin 'yan tarkace a lissafin tun farko. Akwai waya mai kyau, akwai abin kare na'ura daga hawa da saukar wuta, akwai abin ɗora su. Yawancin kwamfutocin tebur ta koren rami na baya mai milimita 3.5 suke fitar da sauti, kuma ya isa ka fara. Idan ka ji ƙugi ko tsaki yana bin motsin linzamin kwamfuta, hayaniyar wutar cikinta ce ke shiga, sai ka fara gwada soka kwamfuta da sifiku a soket ɗaya. In bai tafi ba, ƙaramin akwatin sauti na USB na iya magance shi, irin su Focusrite Scarlett, wanda kuma zai karɓi makirfo mai kyau nan gaba. Kada ka saye shi sai ka ji buƙatar. Bluetooth kuwa ka bar shi ga sauraron waƙa, yana jinkirta sauti, sai ka ga baki ya motsa kafin magana ta fito, ka shiga gyaran abin da ba shi da laifi.

Ranar saye, a wannan harka ji ne ya kori gani. Tafi da aikin nan da aka dawo maka da shi, na asalin kafin gyara, da wata murya da ka sani sarai. Idan sifikar ta nuna maka kiɗan yana danne murya kamar yadda kwastoma ya faɗa, ta ci jarrabawa. Ka saurara a ƙasa-ƙasa, daidai yadda za ka yi aiki, domin kunne yana ɗaukar duk abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi, masu sayarwa kuma sun san haka, shi ya sa hannunsu ke kan maɓallin ƙara. In za ka gwada biyu, daidaita ƙararsu tukuna. Ka kashe kiɗa ka kara kunne, ka ji ko tana tsaki ita kaɗai. Ka karɓi rasit, ka tambayi garanti da sharaɗin mayarwa a rubuce. Ta hannu ma ba laifi, sifika mai kyau tana shekaru goma tana aiki, sai dai ka duba bakin bai yage ko ya lotsa ba, ƙaramin na sama yana fitar da sauti a duka biyun, maɓalli kuma ba ya ƙarƙar idan an murɗa.

Akwai gyaran da ba ya cin ko sisi, kuma na sha ganin ya fi ƙarin kuɗi amfani. Ka ajiye su yadda nisan da ke tsakaninsu zai yi daidai da nisan kowace zuwa kanka, ka ɗan karkato su su fuskance ka, ƙaramin bakin ya zo saitin kunne. Kada ka kwantar da su kai tsaye a kan tebur, katako yana kama rawar sauti ya ƙara masa kauri na ƙarya, sa musu soso mai tauri a ƙasa. Idan ramin iskarsu a baya yake, ka janye su daga bango kamar taki guda na hannu ko fiye, kuma ka guji kusurwar ɗaki. Ɗakin da babu komai sai bango da siminti yana amsa kuwwa, labule mai kauri da shimfiɗa za su rage.

Ƙananan naka kuma kada ka yar, kada ka sayar. Yawancin masu jin tallanka a waya za su ji shi, ta ƙaramin baki guda. Idan ka gama aiki a kan sababbin, kunna shi a tsofaffin, ka tura wa wayarka, in da hali ka ji shi a mota. Sannan ka sauya yadda kake miƙa aiki: tura wa kwastoma samfuri ya saurara a inda zai yi amfani da shi, ya amince, kafin ka rufe. Ku yi magana tun farko cewa gyara ɗaya kyauta ne, na biyu da kuɗinsa.

Idan ka lissafa ka ga rabin abin da ka tara bai kai kuɗin monita biyu masu kyau ba, kada ka cike da mai arha don dai a ce ka saya. Sayi hedifon na aiki, irin Sony MDR-7506 ko Audio-Technica ATH-M40x, zai nuna maka kaurin da ke ɓuya maka tun daga aikin gobe. Ka riƙa ware wani abu daga kowane aiki, bayan wata uku ka sake buɗe littafin ka ga ko an kai.